Awarwaron da Basiru Ya Ƙera

Ran kasuwar Karaye Basiru ya fara ganin Rekiya. Ta kawo hulunan da ta ɗinka, tana shafa ɗaya ido a rufe, tana nuna wa dillali inda zare ya tsallake.

Shi ɗan mai gyaran rediyo ne a Rogo Sabon Gari, ɗalibi a jami'a. Shekara biyu yana fama da wata safar hannu mai wayoyi, wadda yake so kwamfuta ta riƙa motsawa har mutum ya ji taushi ko kaushin abin da yake gani a allo. Yatsu irin nata yake nema, da ya samu kuwa sai zuciya ta bi.

"Gwanata, yatsun nan naki sun fi na farfesanmu ilimi."

"Kai dai Injiniya, daɗin baki."

Wata biyar yana zuwa zance. Rannan da la'asar, wai zai burge ta, ya zo da safar, ya kama wuyan hannunta yana ɗaura mata. A ɗakin bincike haka ake yi wa kowa. Ya manta a zauren mahaifinta yake, Malam Gwadabe, magatakardan dagaci, sai ga shi kuwa ya shigo.

"Bokon ne ya koya maka riƙe hannun 'yar mutane? Kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

Karatu dai ba ya maganin wauta.

Bayan sati uku gwaggonta Tasalla ta kai masa takarda har Rogo: "Injiniyana, na san ba da wata manufa ka yi ba. Baba ya ba Ilu mai shagon yadi izinin zuwa. Ban ce e ba, ba kuma zan ce ba. Ka sa ni a addu'a. Taka, Rekiya."

Da bazara sanƙarau ya shigo gari, ya kwantar da ita. Ta tashi, amma kunnuwanta ba su tashi ba. Ilu ya zo dubiya sau ɗaya, ya yi ta zuba tana kallon bakinsa, daga ranar aka neme shi aka rasa.

Da Basiru ya ji labari, ya yi kuka kamar ransa zai fita. Ya warware safar nan, aikin shekara biyu, malaminsa na faɗa yana ba da haƙuri. Da kayan cikinta ya haɗa awarwaro mai ƙaramin makirfo, wanda ke rawa a fata idan an yi magana kusa. Wannan karon ya yi hankali, Tasalla ya ba ta kai mata.

Rekiya tana zaune ta juya baya, awarwaron a hannu, mahaifinta ya shigo. Wata huɗu rabon da ya kira ta ta waiga. Ya kira don sabo kawai.

"Rekiya."

Ta waiwayo.

Tsohon ya dafa bango. Sannan ya dubi Tasalla da ke gefe. "A ce wa yaron nan ya turo manyansa."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura, aka kai amarya Rogo. Da safe Basiru ya zauna kusa da ita ya faɗi duk abin da ya tara a ransa. Awarwaron ya yi ta rawa, hawayenta na zuba.

"Ban san me ka ce ba," in ji ta, "kuma ba zan ƙara jin muryarka ba har abada. Amma don Allah kada ka yi shiru."

Ya share idonsa ya ci gaba. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya musanya mata da mafi alheri.