Ta Huɗu a Fayil ɗin Abba

Ranar da ya fara ganinta, rantsuwa ya ba ta.

Ofishinsu yana hawa na uku, ɗaki ne mai sanyin AC, an manne bangonsa da hotunan teku. Aikinsu shi ne shirya wa masu hali takardun zama 'yan wata ƙasa: mutum ya zuba jari a wani ɗan tsibiri da bai taɓa takawa ba, idan aka gama bincike a ba shi fasfo na biyu, shi da iyalinsa. Shi dai ƙaramin ma'aikaci ne, mai cike fom da tattara hotuna, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Fayil.

Wani Alhaji ne, babban dillalin tayil, ya shigo da 'ya'yansa uku, maza biyu da autarsa. Alhaji ne na ɗaya a fayil, Auta ce ta huɗu. Tana karatun digiri na biyu, kuma dokar ta ce 'ya mai shekarunta ba ta shiga fayil ɗin mahaifinta sai in ba ta da aure.

Mai Fayil ya ɗauki takardar rantsuwar zai karanta mata. Ya karanta wa mutane fiye da ɗari, bai taɓa sarƙewa ba sai ranar.

"Ki maimaita bayana. Ni... ba ni da aure, kuma ba zan yi ba har sai an kammala."

Ta ɗago ido ta dube shi.

"Malam, ko zawarawa ba a yi musu wannan tambayar da safe haka. Har yaushe ne 'sai an kammala'?"

"Wata goma sha huɗu. Wani lokacin ya fi."

"In kuma wani ya fito fa?"

"Sai ya jira."

"To, Allah ya ba shi haƙuri," ta ce, ta sa hannu.

Yayyenta suka fashe da dariya. Shi kuwa biro ya suɓuce masa, ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana nema, ya daɗe a can fiye da yadda neman biro ke buƙata.

Hotonta ne ya fara zama dalili. An dawo da shi sau biyu, wai kunne bai fito ba, wai ta yi murmushi. Sai ya tura mata saƙo:

"Salam. Daga ofis ne. Sun ce a sake hoto, ban da murmushi. Ni dai ban ga laifinsa ba, amma ba a tambaye ni ba."

Ta amsa:

"Malam Rantsuwa, ka hana ni aure, yanzu kuma za ka hana ni murmushi? Me na yi maka?"

Daga nan saƙonni suka daina zama na ofis. Yana kiranta Ta Huɗu, tana kiransa Malam Rantsuwa. Idan ta fito daga lacca sai ta tarar da shi a bakin laburare da ruwan roba biyu, yana yi kamar hanya ce ta biyo da shi. Ta gano yana tsoron lifta. Ya gano idan ranta ya ɓaci ba ta faɗa, sai ta hau gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Wata rana ya rubuta mata:

"Ta Huɗu, a fayil ne kawai kike ta huɗu. A wajena babu ma na biyu."

Ta karanta sau shida kafin ta amsa:

"Kalaman nan naka sai an kai su bincike. Amma na karɓa, ɗan albarka."

Bayan wata biyar ya turo kawunsa wajen Alhaji. Ko ruwan da aka kawo kawun bai sha ba aka sallame shi.

Da yamma Alhaji ya kira Auta falo.

"Yaron da ya ba ki rantsuwa da bakinsa, shi ne zai zo ya karya ta? Kin san in kika yi aure sunanki ya fita?"

"Abba, ni ban ce yanzu ba..."

"Ba yanzu ba, ba gobe ba. Ga ɗan abokina nan, ya riga ya mallaki fasfonsa, ya ce zai jira. Wannan kuwa me ya gani a wajenki? Ki tambayi kanki."

Ɗan abokin nan, Ɗan Tsibiri yayyenta ke ce masa. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗora jan fasfonsa a kan hannun kujera, kusa da makullin mota. Auta ta taɓa tambayarsa sunan babban birnin ƙasar tasa, sai da ya duba waya. Ba shi ne damuwarta ba. Tambayar Abba ce ta tsaya mata a rai, duk da ta rantse wa kanta cewa babu komai a cikinta.

Ranar Talata ta kai takardar shaidar makaranta ofis. Mai Fayil ya tashi zuwa wajen injin kwafi, ya bar fayil ɗinsu a buɗe. Ta hau daidaita takardun, kamar yadda ta saba. A can ƙasa ta ga wata takarda da ba ta cikin jerin. Shafi ne na dokar tsibirin, an ja layi a ƙarƙashin wani sashe, a gefe kuma ga rubutun hannunsa da ta sani kamar nata:

"Miji: ana iya ƙara shi bayan ta samu fasfo."

Injin ya buga kwanan wata a ƙasan shafin. Kwana huɗu bayan rantsuwarta. Kafin saƙon hoto. Kafin komai.

Ya dawo yana murmushi, ya ga abin da ke hannunta, murmushin ya mutu a fuskarsa.

"Ka ce mini na wani fayil ne," ta ce a hankali. "Don Allah ka ce haka, zan yarda."

Ya buɗe baki. Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, ita da kanta ta miƙo masa. Ya kasa ɗauka.

"Naki ne."

"Hoton da aka dawo da shi fa?"

"Na farko su ne suka dawo da shi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na biyu ni ne."

Ta ajiye takardar, ta daidaita gefenta da sauran, ta ɗauki jakarta. Ba ta yi kuka ba sai da ta sauka matakala ta biyu.

Shi kuwa ya zauna a kujerarsa kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Sakatariyar ofis, wadda suke kira Anti, ta leƙo ta gan shi, ta ja ƙofa ta rufe masa. Wannan rufe ƙofar ma sai da ta ƙara masa kunya.

Kwana uku bai iya rubuta mata ko harafi ba. A na huɗu ya tura:

"Ba zan ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba. Sau uku ana hana ni biza. Kullum ina cike wa mutane hanyar fita, ni ina zaune. Da na gan ki, na ga ƙofa, wannan gaskiya ne, kuma ina jin ƙyamar kaina. Ban san ranar da na daina ganin ƙofar na koma ganinki ba. Na manta ma takardar tana nan. Amma ni na rubuta ta. Na miƙa fayil ɗinku ga Anti, ba zan ƙara taɓa shi ba."

Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Auta ba ta faɗa wa kowa ba. Kunya ta hana ta, don Abba ya riga ya faɗa, ita ce ta ƙi ji. Ta gyara kabad ɗinta sau uku, ta jera littattafan babban yayanta bisa tsawo har ya yi mata tsawa.

Bayan mako biyu Mai Fayil ya tafi shagon Alhaji da ƙafarsa. Ya same shi a ƙaramin ofis na bayan shago, tsakanin kwalayen tayil, yana shan shayi. Ya durƙusa a kan siminti.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ba neman aure na zo ba. Abin da ka zarge ni da shi, gaskiya ne."

Ya faɗi komai, har da hoton. Bai ɗago kai ba ko sau ɗaya. Zufa na ɗiga daga haɓarsa tana yin ɗigo a ƙasa.

"Ita ta turo ka?"

"Ba ta san na zo ba. Na san ba za ta faɗa maka ba, za ta riƙe shi ita kaɗai yana cin ta. Gara ka sani, ka rarrashe ta. Laifin nawa ne, ba wautarta ba ce."

Alhaji ya ture kofin shayinsa gefe.

"Ka san me ya sa na buɗe fayil ɗin nan?" ya ce. "Mahaifiyar su Auta ta kwanta ciwo. Likitoci suka ce a fita da ita. Asibitin can ya karɓe ta, komai na shirya. Mako bakwai ina tsayuwa a layin biza da takardu a hannu, yaro sa'an ɗana yana tambayata ta bayan gilashi ko za mu dawo. Ranar da bizar ta fito, kwananta tara a ƙasa." Ya shafa fuskarsa. "Ni ma ƙofa nake nema, yaro. Bambancinmu, kai ka zo ka faɗa. Ni kuwa na sa 'yata ta rantse ba za ta yi aure ba don in samu barci, na kuma ce mata don ita nake yi."

Mai Fayil ya ƙara sunkuyar da kai.

"Tashi, siminti ne. Ban ce na ba ka ba. Ban kuma ce na hana ba. Wannan karon ita za a tambaya."

Alhaji ya koma gida da wuri. Ya tarar da Auta a kicin tana jera cokula. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

"Auta, yaron nan ya zo."

Cokalin ya faɗi daga hannunta.

"Abba, ka yi haƙuri. Ka faɗa mini, na ƙi..."

"Ni zan ba ki haƙuri. Ban taɓa tambayarki ko kina son fasfon nan ba."

Ta dube shi, hawaye na zuba.

"Ina son ka daina jin tsoro, Abba. Shi ya sa na sa hannu."

Uba da 'ya suka tsaya a kicin, kowa na kallon ƙasa.

Washegari ta je ofis, ta wuce teburinsa ba ta kalle shi ba, ta shiga wajen Anti ta yi minti ashirin. Da ta fita, wayarsa ta yi ƙara:

"Na cire sunana. Babu fasfo, babu tsibiri, babu abin da za a ƙara ka a ciki. Ni kaɗai ce. In har yanzu kana so, ina ƙasa, minti biyar zan jira."

Mutumin da ke tsoron lifta, ranar lifta ya shiga.

Ya same ta a bakin ƙofa tana gyara madaurin jakarta. Yana haki ya ce:

"Ba sai kin yi haka ba. Saboda ni kin rasa..."

"Ba saboda kai ba ne. Saboda ni ne. Ba na son in kai shekara sittin ina kallonka ina tambayar kaina."

"Ina so," ya ce. "Wallahi ina so. Na fi so a haka."

"Ban gama fushi ba fa."

"Ki ɗauki lokacinki, ranki ya daɗe. Na iya jira."

"Kuma ka ɗago kai in kana mini magana. Tun ɗazu da takalmina kake hira."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, fuskar ta ƙi.

Ɗan Tsibiri ya ji labari, ya ce yarinyar ba ta san darajar kanta ba, ya ɗauke ƙafa. Babu wanda ya bi shi da ban haƙuri.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yayyenta suka yi ta tsokanar ango, wai a kawo takarda shi ma a ba shi rantsuwa. Ya yi dariya, amma da aka kai shi gaban Alhaji sai kansa ya sake komawa ƙasa. Alhaji ya kama haɓarsa ya ɗago ta da hannunsa, a gaban kowa.

"Ya isa haka, ɗana. Na yafe, ta yafe, saura kai."

Sannan ya haɗa hannuwansu biyu cikin nasa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku lafiya mai tsawo da zuri'a mai jin ƙai. Ya sa duk inda kuka kwana, nan ne gida."

"Amin, Abba," in ji Auta.

Angon ya buɗe baki zai ce "Amin, Alhaji," ta ɗan taka masa ƙafa.

"Amin, Abba," ya ce.