Peve Iri Biyu

A shekarar da nake aji huɗu, babu yaron da ya kai ni Faransanci a Tungar Zahiru. Haka nake gaya wa kowa. Wanda bai yarda ba, sai in karanta mai rubutun jikin gwangwanin tumatir da ƙarfi, har ya gaji ya tahi.

Ƙauyenmu yana gundumar Garu, ba nisa da Malanville. Muna da majalisar ƙauye mai mutum bakwai. Mutanen gari ne sunka zaɓe su da ƙuri'a. Su bakwai ɗin kuma sunka fid da shugaba a cikinsu, shi ne delege, Baba Idrisu. Innata Ramatu ita kaɗai ce mace a ciki. Ita ce mai rubutu, don ita ta hi su biro.

Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ba ta da ruwa. In ƙishi ya kama mu, sai mu je rijiyar bakin fadama, mu dawo an ci rabin darasi. Ran Lahadi majalisa ta zauna ƙarƙashin tsamiya a kan wannan magana. Mutane da yawa sunka zo sauraro. Anka yarda a roƙi famfo. Anka ce Inna ta rubuta komi da kyau, ran Laraba a sake zama, a karanta, kowa ya sa hannu. Ran Juma'a shugaban gunduma, wanda ake ce ma Se'a, zai kai takardar zuwa meri, wato ofishin magajin gari. Wanda ya makara, sai baɗi.

Ni duk ban san wannan ba. Ran Lahadin ina bakin kogi ina ɗaure wutsiyar jakin wani da ta ɗan'uwansa.

Ran Litinin na buɗe jakar Inna ina neman alewa. Ban samu ba. Sai na ga takarda. A samanta an rubuta manyan baƙaƙe biyu, P da V. A ƙasa ga sunaye jere, sun hi talatin. Ga wurin hatimin delege.

Peve, haka ake karanta su da Faransanci. Na san wannan kalma. Kawuna Ɗan'inna yana kabu-kabu a Malanville. Wata rana ya dawo gida da ƙafa, fuska a murtuke. Ya ce jandarma sun yi mai peve, sun riƙe babur. Kwana uku yana zarya kafin ya karɓo shi.

Ban karanta tsakiyar takardar ba. Rubutun Inna ƙanana ne, ni kuwa ina sauri. Na haddace sunayen da zan iya, na mayar da ita, na hita.

Kawu Ɗan'inna na fara samu yana wanke babur. Na ce mai in ya ba ni hawa zuwa bakin hanya, zan gaya mai abin da ko delege bai san na sani ba. Ya ce in faɗa. Na ce an yi wa mutum talatin peve, kuma sunansa na tara.

Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Wa ya rubuta?"

"Inna. Ran Juma'a za a kai."

"Kai, yaro, ka tabbata?"

"Kawu, ni ake tambaya ko na tabbata da Faransanci?"

Ban samu hawan babur ba. Ya tayar da shi ya bar ni tsaye.

Kafin azahar labari ya gama gari. Abin da ban yi zato ba, ashe kowa yana da ɗan abin da yake tsoro. Alhaji Abdulbaƙi, ɗan majalisa ne, yana kawo man fetur a jarka ta kogi. Gwaggo Zalika ta tura dangar gidanta cikin hanya, har amalanke ba ya wucewa. Masunta suna da taru mai ƙananan idanu da anka hana. Kowa ya ce tasa ce ta tashi. Kowa ya shiga tunanin wa ya kai shi.

Maƙwabci ya daina gaida maƙwabci da kyau. In mutum biyu suna magana a bakin masallaci, na uku ya matso, sai su koma zancen farashin albasa. Gwaggo Zalika ta ce dama ta lura, duk sanda Ramatu ta wuce ƙofarta sai ta kalli danga. Wani ya ce ai tun da anka zaɓi mace mai biro ya san za a rina.

Ni kuwa ina jin daɗi. Manya suna kirana bayan rumbu suna tambaya a hankali ko sunansu yana ciki. Wanda ya taɓa kore ni daga gonarsa, sai in yi shiru in girgiza kai. In bar shi da wannan.

Ran Talata Inna ta soya masa kamar kullum. Babu wanda ya aiko saye. Ta gaida mata biyu a rijiya, sunka amsa a taƙaice sunka ɗauki tulunansu. Ta dawo ta zauna, ta tambaye ni ko na ji wani ya rasu ne ba a gaya mata ba. Na ce ban ji ba. A nan daɗin ya fara raguwa.

Ran Laraba anka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tsamiya. Mutum uku kaɗai sunka zo: Baba Idrisu, Inna, da wani tsoho da kunnensa ba ya ji, shi ya sa labari bai kai gare shi ba. Doka ta ce sai fiye da rabi sun zo zama yake yiwuwa. Alhaji Abdulbaƙi ya ƙetare gada ya tahi Gaya, can ƙetaren iyaka. Sauran ukun sunka aiko cewa zazzaɓi. Baba Idrisu ya naɗe tabarmarsa, yana kallon Inna, Inna tana kallonsa. Shi ma ya fara zaton an haɗa mai wani abu.

Ran Alhamis da safe, malaminmu Mushe Abdurazak (Mushe muke ce ma malami, daga Faransanci) ya ce yau za mu zaɓi shugaban aji kamar yadda ake zaɓen majalisa. Munka jefa ƙuri'a a kwali. Na samu ƙuri'a biyu, ɗaya tawa ce. Da anka gama, ya miƙo mini alli.

"Kai mai Faransanci, zo ka rubuta mana peve na zaɓen nan a allo."

Na ce, "Mushe, mi munka yi?"

Ya ce ba mu yi komi ba. Na ce to don mi za a kai mu wurin jandarma? Sai ya yi mini bayani. Ya ce peve takarda ce da ake rubuta abin da ya faru. Jandarma yana rubuta tasa in an yi laifi. Majalisa kuma tana rubuta tata duk sanda ta zauna: wa ya zo, mi anka ce, mi anka yarda a kai. Suna ɗaya, aiki dabam. In ba peve, meri ba ta san ƙauye ya roƙi komi ba.

Allin ya karye a hannuna.

"Ashe kai ne," in ji Mushe a hankali.

Da anka tashi, shi ya raka ni gida. Na durƙusa gaban Inna na faɗi komi, har neman alewar. Ba ta dake ni ba. Da ta yi, da ya hi mini sauƙi. Ta buɗe jakar, ta ba ni takardar, ta ce in karanta tsakiya. Na karanta ina in'ina. Famfo. Lakwal. Yara ɗari da arba'in.

"Ruwanka ne ka kora," ta ce.

Baba Idrisu ya saurare mu yana shafa gemu. Ya ce bakin da ya ɓata shi zai gyara. Ya haɗa ni da mai shela. Shi yana buga ƙarfensa, ni ina faɗa gida gida cewa ban karanta takarda ba, kuma a zo tsamiya bayan la'asar. Yara suna bina suna kirana Mushe Peve. Kawu Ɗan'inna ya tahi Gaya ya ɗauko Alhaji Abdulbaƙi a bayan babur.

Mutane sun zo, amma nesa nesa sunka tsaya. Alhaji Abdulbaƙi bai ma sauka daga babur ba.

"Ɗan Ramatu ya ce, ɗan Ramatu ya warware," ya ce. "Wanne za mu ɗauka?"

Inna ba ta yi gardama ba. Ta miƙa wa Mushe takardar, tun da shi baƙo ne, ba shi da danga ba shi da jarka. Ya karanta layi layi. Ya fassara da Hausa, ya fassara da Dandanci. Da ya zo kan sunaye, ya ce waɗannan su ne waɗanda sunka halarci zaman Lahadi. Sai anka fara matsowa. Gwaggo Zalika ta rufe fuska da mayafi, ta je ta zauna kusa da Inna, ta ce gobe a aje mata masa. Su bakwai sunka sa hannu, masu biro da masu dangwala yatsa. Baba Idrisu ya buga hatimi.

Sai ya ce shekara biyu majalisa tana roƙon a janye wata danga daga hanya, yau da safe ya ga amalanke ya wuce. Anka yi dariya, har mai dangar. Na ɗaga kai don a san aikina ne. Inna ta maida mini shi ƙasa da tafin hannu.

A wannan zama anka yarda, daga yau kowace peve za a karanta ta a fili, da harshen da kowa ke ji. Ran Juma'a da sassafe Inna ta kai wa Se'a takardar. Bayan damina anka zo anka haƙa famfo a gaban ajinmu.

Yara, in kun ga abin da ba ku gane ba, ku karanta shi har ƙarshe, sannan ku tambayi wanda ya sani kafin ku kai shi gaba. Rabin sani yana raba mutane. Ni ban ƙare lakwal ba, amma wannan darasin na ƙare shi. Har yau in na je Tungar Zahiru na sha ruwan famfon nan, sai wani ya ce, "Sannu, Mushe Peve." Ina amsawa.