Fiton da Ya Biyo Gungumen Maɗaci

Ku matso kusa, ku rage murya. Abin da ya sami Haladu direba zan ba ku, kuma da rana tsaka ya same shi.

Haladu yana da a-kori-kura mai shan dizal. Kafin ya kama tuƙi sai da ya yi shekara tara a gareji, don haka da kunne yake gane ciwon mota. Ranar nan masu yankan katako suka ɗora masa gungumen maɗaci a ƙaramar tirelar da yake ja. Tsohon itace ne, mutum uku ba sa rungume shi. Aka ɗaure da sarƙa biyu. Ya kamo hanyar dajin Falgore shi kaɗai.

A hawa na farko ya ji fito. Siriri, kamar na makiyayi daga nesa. In ya taka mai sai ya ƙaru, in ya ɗaga ƙafa sai ya lafa.

"Turbo ne," in ji shi, wato na'urar da ke tura wa injin iska.

Ya gangara gefen hanya, ya kashe injin ya ɗan huce, sannan ya buɗe bonet. Ya zare tiyon iska, ya taɓa 'yar fankar da ke ciki. Ba ta girgiza, ba mai a jikinta. Ya bi tiyon da yatsa har ya iske inda ɗaurin ya saki. Nan iska ke tsira. Ya ƙara masa sukuru, ya goge hannu, hankalinsa ya kwanta.

Sai fiton ya dawo.

Makullin motar yana aljihunsa.

Haladu ya tsaya cik. Ba iska. Ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Kuma ba daga gaba sautin ke fitowa ba. Daga baya ne, wajen gungumen.

"Sannu da aiki, direba."

Wani dattijo ne tsaye a jikin motar, da farar riga fes, ba ƙurar tafiya ko kaɗan. Ya dafa murfin turbo da tafin hannunsa, ƙarfen da har yanzu zai iya gasa nama. Bai ko motsa ba.

"Yauwa, Baba," Haladu ya amsa.

"Ka gyara?"

"Na gyara."

"Naka ka gyara. Saura namu."

A nan Haladu ya lura. Leɓen dattijon kan gama motsi ya rufe, sannan muryar ta iso.

"Kayan sun yi maka nauyi," in ji dattijon. "Mu goma sha ɗaya ne a ciki. Ƙaramar cikinmu ce ke kukan. Ba ta saba da tafiya ba."

Haladu ya ja da baya. Ya nemi addu'a a bakinsa, ya samu rabinta kawai.

"Baba, ban sani ba. Ɗauko ni aka yi."

"Na sani. Shi ya sa nake maka magana. Kwance tirelar."

Haladu ya zagaya baya. Fiton yana ƙaruwa, har haƙoransa suka fara zafi. Ya sa duwatsu a tayoyin tirelar. Ya kama ƙarfen da ya haɗa ta da motar, ya ja, ya ƙi fita. Ya sake ja. Wani abu ya hura masa numfashi mai sanyi a wuya. A karo na uku ƙarfen ya zare.

Shiru.

"Tafi. Kar ka dubi madubi."

Bai duba ba. Bai tsaya ba sai Tudun Wada, inda ya faɗi a gaban mai shayi.

Washegari ya koma da mai katakon da ya ba shi aikin, da mutum shida. Tirelar tana nan. Sarƙoƙin nan biyu suna ɗaure tamau, a zagaye, a tsaye, kamar har yanzu suna rungume da wani abu. Gungumen babu. Ba alamar ja a ƙasa, ba sawun kowa. Mai katakon ya miƙa hannu zai taɓa sarƙar, sai ya fasa. A nan suka bar tirelar.

Ku ji ni da kyau. In tafiya ta kai ku dajin nan, kar ku shiga ku kaɗai. In kuma aka ce ku ɗauko itace, ku fara tambayar inda aka sare shi.