Gawar Logbaba da Motar Jibirin

A shekarar ville morte, lokacin da ake tilasta wa Douala rufe shaguna ana ƙona taya a titi, mata masu zuwa rijiya suka tsinci gawar wani mutum a bakin hanyar Logbaba. Mota ce ta buge shi. Amma an kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, an ɗaure masa haɓa da ƙyalle, an haɗa manyan yatsun ƙafarsa. Wata mai ƙosai ta ce ta ga shuɗiyar mota mai lanƙwasasshen bamba ta tsaya a wurin.

Duk unguwar New Bell an san motar. Ta Jibirin mai goro ce, ya karɓo ta haya ta shekara daga wani kamfani a Yassa, kuma tun daga ranar bai huta ba. Birki ba ya kamawa. Ya mayar, manajan kamfanin, Salman, ya ce kayan gyara na tashar jirgin ruwa, tasha kuwa a rufe. Ya bar motar, ko takarda ba su ba shi ba. Ranar da aka tsinci gawar aka kawo masa ita har gida, a wanke tas, da sabuwar fitila. Birki yana nan yadda yake.

Da 'yan sanda suka zo, Jibirin ya san inda za a kai shi. Kurkuku a unguwarsu yake, kullum yana wuce katangarsa, ya kuma san yadda ake fitowa daga ciki.

Sufeto Abdurrahim haifaffen unguwar ne, amma bai yi masa fara'a ba.

"Motar wa ce?"

"Da sunana take, Yallaɓai. Amma a lokacin tana garejinsu."

"Shaida?"

"Allah."

"Alƙali ba ya kiran Allah ya tsaya a akwati. Wanda ya kashe mutumin nan Musulmi ne, kai ma Musulmi ne."



Sufeto ya tafi da shi Yassa da ankwa a hannu. Ya fara da makaniki Ekwalla, ya tambaye shi yadda ake kwantar da mamaci a gidansu.

"Rigingine, chef. Hannu a ƙirji."

Ya wuce wurin maigadi Yusufa, ya miƙa masa makulli ya ce ya ja motar baya. Dattijon ya rasa ma inda ake sa makullin. Da ya kawo zancen sabuwar fitilar kuwa, su biyun suka kalli ƙofar ofishin manaja. Aiki ya yi wuya a gari, ba mai son rasa nasa.

Salman ya fito da kwat da nekatai.

"Monsieur l'inspecteur, motar nan ba ta kwana a nan ba. Alhajin nan mai ƙorafi ne kawai, toujours, kullum birki, birki."

"Ƙarya kake, Salman," in ji Jibirin. "Ka ji tsoron Allah."

Sufeto ya dubi manajan. Sai ya ce ba wanda ya zo neman gawar, ba za a bar Musulmi ba sutura ba, Salman da Jibirin za su taimaka a yi mata wanka. Salman ya ce yana da aiki. Sufeto ya ce ba roƙo yake ba.

Ɗakin gawa da sanyi da wari. An kwance ƙyallen. Sufeto ya cire wa Jibirin ankwa ya ce ya ɗaure haɓar. Jibirin ko gawar mahaifinsa bai iya taɓawa ba. Ya zagaya ƙyallen ta wuya kamar mai ɗaure buhu, bakin mamacin ya sake buɗewa.

"Kai, ba haka ba," in ji Salman.

Ya ture shi, ya tallafi haɓar da tafin hannu, ya ja ƙyallen ta bayan kunnuwa, ya yi zarge a tsakiyar ka, ya shafa idanun. Kafin ya ankara ya gama.

"Haka na same shi a Logbaba," in ji Sufeto, yana duban Salman. "Ƙullin nan na Malam Zainulabideen ne mai wankan gawar unguwarmu. Shi ya yi wa uwata, ina tsaye, kana riƙe masa buta. Ɗansa ne kai. Ekwalla bai san alƙibla ba, Yusufa bai iya tuƙi ba, wannan kuwa ka ga aikinsa. Taksi ta yi wuya a gari, kana kabu-kabu da motocin mutane. Ka fita da wadda ka ƙi gyara wa birki."

Salman ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa.

"Na taka, bai kama ba," ya ce da Hausa tsantsa. "A hannuna ya yi shahada. Ta yaya zan bar shi baki buɗe?"

"Amma ka iya barin Jibirin ya ruɓe a kurkuku."

Sufeto ya ɗauko ankwar, sai Salman ya ɗaga kai.

"Yaya Abdu, bari in ƙarasa masa wankan."

Sufeto ya mayar da ankwar aljihu, ya jingina da ƙofa. Ya dubi Jibirin ya ce yana iya tafiya gida. Jibirin ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Babu wanda zai zuba ruwa. Ya dawo ya ɗauki buta.