Faranti Mai Doro

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma aka bugo waya ofishin 'yan sanda, aka ce an tsinci gawar wani maƙerin wuƙaƙe a shagonsa. Sufeto ya ajiye shayin da ko kurɓa bai yi ba, ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saje ya tada mota.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo a ƙarshen layin masu sana'a, bango ɗaya ya raba shi da wani tela. Marigayin, wanda kowa ke kira Tsoho, yana kwance rub da ciki a gaban injin wasa wuƙa, an fasa masa ƙeya. Guduma tana gefe, an goge ƙotarta tas. Dab da hannunsa akwai wuƙar da bai ƙarasa ba.

Sufeto bai san komai game da wuƙa ba sai yanka albasa, shi ma matarsa cewa take bai iya ba. Ya dai tsaya ya ƙare wa injin kallo. Wani bel ne mai kaushi irin na samfefa yake zagaya tayoyi, a bayansa kuma an ɗaure farantin ƙarfe shimfiɗaɗɗe da noti biyu. A kan farantin nan ake danna wuƙa, bel ya ci ƙarfen.

Mutum biyu ke aiki da Tsoho: ƙanensa Dogo, da mijin 'yar Tsoho, wanda ake ce wa Bahago. Bahago ne ya tarar da gawar. Yana zaune a bakin ƙofa, jinin surukinsa a gaban rigarsa, ya kasa haɗa kalma biyu.

Dogo kuwa bakinsa a buɗe yake. Ya ce ƙarfe ɗaya ya fita zuwa asibiti a cire masa haƙori, ga kati, ga auduga a kunci. Ya ce ya bar yayansa da rai da lafiya.

"Me ka bar shi yana yi?"

"Wuƙar nan yake wasawa, ranka ya daɗe. A kan injin nan na bar shi."

"Akwai wanda suka samu saɓani?"

Dogo ya kalli ƙofa, ya rage murya. Ya ce shi ba ya son saka kowa a uku, amma da safe Tsoho da Bahago sun yi ta ɗaga murya.

Likita ya duba gawar, ya ce zafin shagon ya rikita masa lissafi. Mutuwar dai tsakanin hantsi da la'asar ce, cikakken rahoto sai bayan kwana uku.

Sufeto ya leƙa wurin tela. Tela mutum ne da ba ya barin kekensa sai dole, kuma kunnensa ya fi allurarsa aiki. Ya ce ƙarfe goma Bahago ya fita da jakar wuƙaƙe zai kai wa mahauta, Tsoho ya biyo shi har bakin ƙofa yana ce masa mai taurin kai. Dogo ya fita ƙarfe ɗaya. Injin kuwa daga nan bai tsaya ba sai ƙarfe huɗu, da Bahago ya dawo ya shiga. Bayan kamar minti biyar sai ihu.

"Ka ce bai tsaya ba. Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Har na ce yau Tsoho ya sha magani. Kuma ƙarar lafiya lau, babu wannan ƙiii ɗin da ke tsaya mini a haƙori."

Sufeto ya rubuta wannan, bai san amfaninsa ba tukuna.

A ofis lissafin ya fita da sauƙi, har sauƙin ya yi yawa. Inji na aiki har ƙarfe huɗu, ke nan Tsoho na da rai har ƙarfe huɗu. Dogo na kan kujerar likitan haƙori tun ɗaya da rabi, an buga waya an tabbatar. Mahauta sun ce Bahago na wurinsu har uku da rabi. Saura minti biyar ɗin nan, kuma guduma ba ta buƙatar fiye da haka. Aka tsare Bahago a ofis, a bayan kanta.

Da Sufeto ya tambaye shi batun faɗan safe, sai ya ce babu wani faɗa. Sufeto ya karanta masa jawabin tela. Bahago ya sunkuyar da kai, ya ce maganar gida ce, ba zai faɗa ba. Sufeto ya ji haushi ƙwarai, don ya tsani mutumin da ake ƙoƙarin fito da shi daga rami yana ƙara tono.

Oga, shugaban ofishin, ya ce shi bai ga abin jira ba. Gobe ƙarfe biyu a kai Bahago kotu da tuhumar kisan kai.

Washegari da safe Sufeto ya koma shagon, ya tarar da 'yar marigayin tsaye a bakin igiyar da 'yan sanda suka ɗaura. Ba ta yi masa kuka ba. Ta ce jiya ta rasa uba, yau kuma an ce za a tafi da miji, kuma ita ta san wanda take aure. Sufeto ya ce mata sanin mata ba shaida ba ne a kotu. Ta roƙi ya bar ta ta ɗauki tabaran mahaifinta, ya ɗaga mata igiyar.

Tana isa gaban injin ta tsaya cak.

"Wa ya ɗaura wa Baba wannan?"

"Wanne?"

"Farantin. Wannan na Baffa Dogo ne. Ina mai doro?"

Sufeto ya jawo mata kujera. A shagon nan ta yi rarrafe, don haka bayanin bai yi mata wuya ba. Faranti biyu ne, in ji ta. Shimfiɗaɗɗen na aikin fari ne, da shi Dogo ke rage kaurin ƙarfe da sassafe. In ya gama sai Tsoho ya kwance shi da hannunsa, ya ɗaura nasa, wanda ya ƙera tun kafin a haife ta. Shi wannan bayansa a tanƙware yake kaɗan, shi ya sa suke ce masa mai doro. In bel ya bi ta kansa sai ya ɗauki siffarsa, ya yi wa gefen wuƙa ɗan kwarmi mara zurfi. Kwarmin nan ne ke sa wuƙar Tsoho ta ratsa nama ba ta manne ba, saboda shi mahauta ke bin layi.

Sufeto ya sa Saje ya ɗauko wuƙar daga jakar shaida. Ya ɗora gefenta a kan shimfiɗaɗɗen farantin, ya durƙusa ya leƙa. Haske na wucewa ta tsakiya, kwarmin na nan. Ya juya ɗaya gefen, wanda aka yi rabi, nan ma haka.

Ya tambaye ta ko mahaifinta kan bar injin ya daɗe yana gudu. Ta ce a kan mai doro, haram. Bel yana gogar doron da ƙarfi, zafi ke tashi nan da nan. Minti biyar-biyar Tsoho ke kashe inji ya shafa ruwa. In aka bar shi haka kawai, kafin rabin awa bel ya tsinke, doron kuma ya cinye, aikin shekara talatin ya tashi a banza.

"A kan shimfiɗaɗɗen fa?"

"Wannan ai sai ya wuni yana gudu."

Sufeto ya buɗe littafinsa ya sake karanta jawabin tela. Awa uku inji na gudu, bai tsaya ba, kuma babu ƙiii, wato ƙarfe bai taɓa bel ba.

Ya ce wa Saje ya koma ofis ya zo da Bahago, ya biya ya ɗauko Dogo. Ya duba agogo, sha ɗaya saura kwata.

Kafin Dogo ya shigo, Sufeto ya ja Bahago gefe, ya ce masa ya zaɓa, ko maganar gida ko kotu. Bahago ya kalli matarsa, sannan ya yi magana. Tsoho ne ya ce nasa hannun ya fara rawa, zai ba Bahago mai doro, daga wata mai zuwa shi zai riƙa yin kwarmin. Shi kuma ya ƙi, ya ce ba zai tsallake Baffa ba, mutumin da ya girme shi a shagon da shekara ashirin. Wannan ne faɗan. Ya ɓoye ne don kada Baffa ya ji kunya a gaban 'yan sanda. Sufeto ya dube shi, ya rasa ko ya yaba masa ko ya mare shi.

Dogo ya shigo da kumburarren kunci, ya gaida kowa. Sufeto ya sa ya maimaita jawabinsa na jiya, ya maimaita kalma bayan kalma: wuƙar nan, injin nan, ƙarfe ɗaya.

"Injin yadda ka bar shi yake?"

"Haka yake, ranka ya daɗe."

"To madalla. Ni ban taɓa ganin ana wasa wuƙa ba. Ƙarasa mini wannan in gani."

Ya miƙa masa wuƙar, ya danna makunni. Injin ya tashi.

Dogo ya karɓa, ya gyara tsayuwa, ya kai ta dab da bel. Babban yatsansa ya shafa gefenta, kamar yadda kowane maƙeri ke yi ba tare da ya sani ba. Ya tsaya. Ya sake matsar da ita, ya sake tsayawa. Abin da ake nema daga gare shi bai fi ƙiftawar ido ba, ya danna kawai, ƙaryarsa ta zauna. Hannun ya ƙi.

"Me kake jira?"

"Za ta lalace."

"Don me?"

"Zai share kwarmin. Ba a kan wannan aka fara ta ba."

Sufeto ya kashe injin. Shagon ya yi tsit, har ana jin keken tela ta bango.

Sufeto bai ɗaga murya ba. Ya ce Tsoho na aiki a kan mai doro aka buge shi. Wani ya kwance mai doro, ya ɗaura wanda zai jure gudu, ya bar inji na ƙara don maƙwabta su ɗauka Tsoho na da rai. Mutum ɗaya ne wannan ƙarar ta yi wa amfani, shi ne mai katin asibiti. Sannan ya tambayi Dogo inda farantin yake.

Dogo bai yi musu ba. Ya ajiye wuƙar a hankali, ya je akwatin kayan aikinsa, ya ɗage sifanu da zartuna, ya fito da wani abu naɗe a tsumma. Ya warware. Ƙarfe ne da bai fi tsawon tafin hannu biyu ba, an shafe shi da mai, yana sheƙi.

Ya zauna a kan benci da shi a cinya, ya yi magana yana kallonsa. Shekara talatin yana rage wa yayansa kaurin ƙarfe, ya ce, shi ke shan tartsatsi da ƙura, in an zo wurin da suna yake sai a ce masa matsa. Jiya bayan fitar Bahago ya tambayi dalilin hayaniyar, Tsoho ya gaya masa, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ni fa?" Tsoho ya ce masa hannunsa, shi Dogo, ya yi nauyi, kuma ba yau ya fara nauyi ba. Gudumar tana kusa.

Bai shirya komai ba, in ji shi. Ya goge ƙotar, ya bar inji a kunne, ya nufi ƙofa. Da ya tafi a haka, bel ya tsinke, da babu wanda zai iya cewa ga lokacin da aka yi abin. Amma a bakin ƙofa ya ji yadda bel ke cin doron. Ya dawo ya tsallake gawar yayansa, ya ɗauki sifana.

"Ka san Bahago za a kama?"

"Na sani. Na ce ko zai fita daga baya."

'Yar marigayin ta ce, "Baffa, ƙi ya yi. Saboda kai ya ƙi karɓa."

Dogo ya ɗago ya kalli Bahago. Wannan bai sani ba, Tsoho bai gaya masa ƙarshen maganar ba.

Saje ya cire ankwa daga hannun Bahago ya matso da ita. Sai da ya ɓamɓare yatsun Dogo ɗaya bayan ɗaya kafin ya karɓi farantin ya sa a jakar shaida. Sufeto ya buga wa Oga waya ya ce a canza suna a takardar kotu, lokacin dai yana nan, ƙarfe biyu.

Masu sana'ar layin duk sun fito bakin shagunansu. Aka wuce da Dogo ta tsakiyarsu zuwa mota. Da zai shiga sai ya tsaya, ya juyo wajen mijin 'yar yayansa.

"Da ka karɓa kawai," ya ce.

Saje ya danna kansa ciki, ya rufe ƙofa.