Muryar Kulu Daga Sawakin

Ranar da aka fara jifan gidan Jibirin, yammaci ne kamar kowane yammaci. Ya dawo daga hawasha, gonar audugarsa da ke gefen garin Hajj Abdalla, ya zauna bakin ɗaki yana wanke ƙafa. 'Yarsa Sabuwa tana tuƙa tuwo. Rana ta faɗi, shanu sun shige, gari ya yi tsit. Sai wani abu ya faɗo tsakar gida. Dutse ne fari mai ramuka, jiƙe da ruwa, yana ƙarnin teku. A duk yankin Jazira na Sudan babu irinsa, baƙar laka ce ko'ina. Amma Jibirin ya san inda ya taɓa ganinsa.

Wata uku kafin nan, da aka gama cirar auduga, abokinsa na ƙuruciya Abdussalami, wanda ya daɗe zaune a Jidda, ya aiko da wasiƙa cewa zai ƙetaro Bur Sudan da iyalinsa. Kulu, matar Jibirin, ta shekara ashirin tana marmarin ganin teku. Suka hau lori daga Madani su uku, suka bi ta Gadarif da Kassala, kwana shida a hanya. A Bur Sudan suka ci kifi da su Abdussalami, aka yi hirar da. Kulu ta tsoma ƙafa cikin ruwan, ta ɗanɗana ta tofar, ta yi dariyar da Jibirin ya manta tana da ita. Daga nan suka gangara Sawakin, su ga inda kakanninsu suke hawa jirgin Makka. Can zazzaɓi ya kama ta. Aka kwantar da ita cikin wani tsohon gidan farin dutse da ba kowa. A rana ta huɗu Jibirin ya fita neman magani. Da ya dawo ya tarar ta cika, Sabuwa tana barci a gefenta. A Sawakin aka binne ta.

Jifan ya kwana bakwai, kullum da magariba. A na takwas babu jifa. Sabuwa ta ajiye muciya, ta juyo a hankali ta dube shi.

"Jibirin, ka rame," in ji ta. "Wa ke ba ka abinci?"

Muryar Kulu ce, har da ɗan tarin da take yi kafin ta yi magana.

Jibirin bai kira kowa ba. Kullum sai ya yi sauri ya baro hawasha, ya zauna yana jira. Muryar takan zo ta yi masa faɗa kan tsohuwar rigarsa, ta tuna masa hanyar Kassala da ƙurar da suka sha. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana saurare, hawaye na zuba. In an kira isha'i sai Sabuwa ta zube kamar tsumma, da safe ba ta tuna komai. Ta daina cin abinci, wuyanta ya yi tsawo, idanunta suka faɗa.

Yayarsa Yalwa ce ta shigo wata magariba ta tarar da su haka. Ta tsaya a bakin ƙofa har yarinyar ta faɗi.

"Ka binne ɗaya a bakin teku," ta ce, "kana son ka binne ɗaya a nan?"

Washegari ta je garin Suki ta zo da Faki Alhasan, tsohon malami mai ƙarancin magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zauna gaban Sabuwa, ya fara karatu tun la'asar. Da rana ta yi ja, yarinyar ta sandare, ta yi ɗan tari.

"Wace ce ke?" in ji Faki.

"Kulu ce."

"Kulu tana inda Allah ya ajiye ta. Wace ce ke?"

Sai wata murya ta fito, busasshiya, kamar iska cikin kango.

"Ni ce mai gidan da suka kwantar da ita. Kwana huɗu ina sauraronta, na riƙe muryarta. Shi ya tsaya kan kabari yana cewa da zai sake jin ta ko sau ɗaya. Ban zo da mugunta ba. Kira na aka yi."

"Yarinyar tana mutuwa. Za ki fita."

"In wanda ya kira ni ya sallame ni da bakinsa." Kan Sabuwa ya juya wajen uban, muryar Kulu ta dawo da taushinta. "Jibirin, da ka fita neman magani na bar maka saƙo. Ni kaɗai na ji shi. Ka bar ni wata guda, in faɗa maka."

Wata uku ke nan tambayar ko Kulu ta ce wani abu kafin ta cika take cin Jibirin. Ya dubi Faki, Faki ya girgiza kai. Ya dubi hannun 'yarsa a kan tabarma, siriri kamar karan dawa.

"Ki faɗa mini yanzu," ya ce, "don Allah."

"Wata guda."

Jibirin ya sake duban hannun 'yarsa. Can ya rufe idonsa, don ba zai iya faɗa yana kallo ba.

"Ki tafi. Na sallame ki."

"Ni kake kora, Jibirin?"

"Ki tafi," ya sake cewa.

Sabuwa ta yi atishawa sau uku ta kwanta. Faki ya tofa mata addu'a, ya miƙe ya yi alwala. Bayan sallah ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa, da muryarta ta kanta. Yalwa ta dama mata kunu, ta sha har da ƙari.

Sabuwa ta warke, ta yi aure a Madani, ta haifi 'ya'ya. Jibirin ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. Sau ɗaya, da tsufa ya kama shi, ya tambaye ta ko ta ji wani abu a ɗakin nan kafin uwarta ta cika.

"Baba, barci nake yi," ta ce, ta fashe da kuka.

Ya dafa kanta har ta yi shiru. Bai sake tambaya ba.