Haƙorin Makkan Halilu

Ƙyas... ƙyas... ƙyas!

Zubaida ta saki ƙullin kayan da take ɗaurewa, ta kasa kunne. Kamar ɓera na cin ƙarfe, sai kuma nishi ya biyo baya.

Lallen aure bai goge a hannunta ba, amma ta gama shawara: gobe sai Zugu, ɗakin Inna. Ba dukanta angon nata Halilu yake yi ba. Bakinsa ne. In ya matso ya ce "Zubaidata", sai wani wari kamar na mushen akuya a kwata ya turnuƙe ɗakin. Turaren wutar da aka kawo ta da shi duk ya ƙare a kan wannan baki.

Lokacin zance daga nesa yake tsayawa, yana tauna kanumfari, haƙorin Makka na walƙiya in ya yi murmushi. Ita kuwa ta ɗauka kunya ce.

Ta ɗauki tocila ta zagaya bayan ɗaki.

Ga Halilu durƙushe gaban madubin babur, filaya a baki, jini da ruwan ɗiwa na bin haɓarsa.

"Innalillahi! Malam, mi kake yi hakanga?"

Ta toshe hanci da bakin zane.

"Na ga kina ɗaure kaya..." Ya nuna haƙorin Makkan. "Na san don wanga abu ne."

"Tir! Wa ya maƙala maka shi? Kai da ko Sakkwato ba ka wuce ba!"

"Ɗahiru."

Ɗahiru! Mai sayar da agogo a kasuwar Gummi, wanda ya nemi aurenta ta ƙi.

"Haƙorin ya yi rami, ya yi baƙi. Ya ce in kika gani kin tafi. Sai ya rufa mani da gwangwani mai ruwan zinari, ya ce in ya yi ciwo in ɗiga ruwan batir."

"Kuma ka ɗiga?!"

Ya sunkuyar da kai.

"Tsoron rasa ki ne, rabin raina..."

Amai ya taso mata, ta juya ta zubar a gindin zana. Ta kurkure baki, ta dawo, ta fizge filayar ta jefa bayan danga.

"Kada ka matso! Yi maganarka daga can. Gobe asibiti za mu."

"Ba Zugu ba?"

"In ka sake buɗe bakin nan kusa da ni, Zugun ce!"

Da safe Malam Filibus, mai duba haƙori a asibitin Gummi, ya ɓare gwangwanin. Shi kansa sai da ya kau da fuska.

"Ka kusa kai rubar nan ga ƙashi, Halilu. Rami ba a rufe shi da ado."

Ya cire haƙorin, ya ba shi magani, ya ce ruwan ɗumi da gishiri, in ya warke kuma buroshi da man goge baki safe da dare.

Tun daga ranar, ba a ajiye wa Halilu koko sai ya yi aswaki gaban Zubaida, ya huro mata iska ta shaida.

Wata safiya ya huro. Ba ta kau da kai ba.

"Sake faɗi," ta ce a hankali.

"Zubaidata..."

Ta kwance ƙullin kayan. Ya kwashe da dariya, giɓinsa a waje, daidai lokacin da Tabawa maƙwabciya ta leƙo ta kan zana neman rariya.

"A'a, Malam Halilu! Ina haƙorin Makkan? Ko shi ma Hajjin fasa shi ake yi?"